Sashe Na Huɗu Da Tattabarun Baba

A ofishin tsara dokoki na majalisa ba a kiran kowa da sunan yanka. Akwai Darakta, akwai Na-Inji mai kula da injin kwafi, sai ita da ake ce wa Jan Biro, don ko katin gayyata ka miƙa mata sai ya dawo maka da jan zane uku. Shekararta tara a ofishin tana gyaran aya da waƙafi a dokokin da wasu suka rubuta, dokar kwata, dokar fitilun titi, dokar hana ɗaure akuya a jikin turken lantarki. Bana ne aka ba ta nata na kanta, kuma ba ƙarami ba: Sashe na Huɗu na dokar yaƙi da ta'addancin ƙasa da ƙasa, sashen da zai gaya wa alƙali mece ce ƙungiyar ta'adda.

Aikin na gaggawa ne. Wasu baƙi masu zagayen duba ƙasashe za su iso ƙarshen wata da takarda mai gurbi arba'in, kuma duk ƙasar da ta bar gurbi ɗaya babu maki sai a jefa ta jerin masu sakaci. Ciyaman na kwamitin tsaro ya riga ya rantse a gaban 'yan jarida cewa ba dai a zamaninsa ba.

Sati uku Jan Biro ta yi tana fama, ta fito da sharuɗɗa shida. Mutanen su kai biyar ko fiye. Su kasance da shugaba. Su riƙa haɗuwa a kai a kai a wurin da ba kowa ke shiga ba. Su riƙa kiran juna da sunayen da ba na katin shaidarsu ba. Su riƙa aika wani abu ya tsallaka iyakar ƙasa babu takardar izini. Na shida, wanda shi ne ke riƙe da sauran duka, cewa ya yi: kuma suna yin haka ne da nufin cutar da jama'a ko firgita su.

A zaman farko Ciyaman ya karanta na shidan, ya ɗago kai. "Nufi? Ai nufi a zuciya yake. Ɗan sanda zai riƙa yawo da wuƙar tsaga ƙirji ne?" Ya ja masa layi. Jan Biro tana zaune a bayansa, a 'yar kujerar roba da aka ware wa masu tsara doka, ta buɗe baki ta mayar ta rufe. Ƙa'idar gidan ke nan tun kafin a haife ta: mai tsara doka ba ya magana a zaman kwamiti. In abu ya ci masa rai ya rubuta a guntuwar takarda ya miƙa gaba, in an ga dama a karanta. Ta rubuta ta miƙa. Ciyaman ya karɓa ya ɗora kofin shayinsa a kai. Abin ya dame ta kwana ɗaya. Washegari Darakta ya yabi sashen a gaban kowa, ya ce shekara ashirin bai ga aiki mai tsafta irinsa ba, sai damuwar ta kwanta abinta. Kada mai karatu ya yi mata dariya, duk cikinmu akwai wanda yabo ya taɓa rufe wa baki.

Ranar Asabar ta kai wa mahaifinta kwafin sashen, babu layi na shida a ciki. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyar yana ware wasiƙu, mutum ne da ko titi babu mota ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu. Yana zaune a hawa na uku na wani tsohon bene. Da Mama ta rasu, shekara guda cur ya yi a kujera yana kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske yake kai loma uku. Wani maƙwabcinsa tela ne ya jawo shi kiwon tattabara a saman rufin benen, tun yana yi a dole har abin ya shiga jininsa. Yanzu tattabarunsa arba'in da biyu, kuma kullum da yamma tsofaffi shida ke hawa benen suna nishi, su zauna a kan bokitan fenti su yi ta musu a kan wace ce ta fi saurin dawowa gida.

"Uwata, miƙo mini rula," in ji Baba. Haka yake karatu, rula a ƙarƙashin kowane layi, tabarau a ƙarshen hanci. Ya karanta sashen sau ɗaya, ya koma farko. A karo na biyu sai ta ga ya ɗaga hannun hagu ya fara lanƙwasa yatsu.

"Mutum biyar ko fiye. Mu bakwai ne."

"Su wa, Baba?"

"Shugaba. Kwamanda suke ce mini. Wurin da ba kowa ke shiga ba, ni kaɗai ke da makullin rufin nan. Sunaye kuwa, akwai Sajan, akwai Mai Agogo, akwai Gwiwa. Wallahi shekara uku muna tare da Gwiwa ban san sunansa na gaskiya ba."

Saura babban yatsa. Jan Biro ta san zancen. Duk wata akwai direban babbar mota da ke ɗaukar kwandon tattabaru ya kai wa wani abokin Baba a ƙetaren iyaka. Shi kuma ya ɗaura musu 'yar takardar gaisuwa a ƙafa ya sake su, nan Mai Agogo na zaune yana jiran ya rubuta lokacin saukar kowacce. Baba ya lanƙwasa babban yatsan, ya nuna mata dunƙulallen hannu.

"Baba, tattabaru ne fa."

"Dokar cewa ta yi wani abu. Tattabara ba wani abu ba ce?"

Ita da kanta ta zaɓi wannan kalmar, ta soke dogon jerin da aka kawo mata, ta ce a bar ta a buɗe kada komai ya kuɓuce. To ga shi komai bai kuɓuce ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne fuskar Baba, babu ko ɗigon fushi a cikinta, sai ma alfahari.

"Masha Allah," ya ce. "Wannan ita ce doka, ba ta san uba ba. Ba zan zama na farkon karya dokar 'yata ba. Kafin a buga guduma a kanta, na rushe ƙungiya."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Nan tsoro ya kama ta sosai, don ta tuna kujerar nan da bangon nan, kuma ta san in tattabarun suka tafi can zai koma.

Litinin da sassafe ta shiga wurin Darakta ta ce a mayar da layi na shida. Darakta ya dube ta kamar ta ce a mayar da jiya.

"Kalma in ta wuce zaman farko ta zama ta majalisa. Ko wasali ba ki da ikon taɓawa. Sai ɗan majalisa ya kawo gyara da bakinsa."

"Ranka ya daɗe, ofishin nan namu ma ya cika huɗu cikin biyar. Mun fi biyar, kai ne shugaba, ƙofa da kati ake buɗe ta, kuma ni Jan Biro ake ce mini."

Darakta ya ɗaga waya ya kira Na-Inji ya ce daga yau ko katin barka da shekara kada a aika wa kowa a ƙasar waje. Ya ajiye wayar yana jin ya magance matsalar.

Sai ta bi 'yan kwamitin ofis ofis. Dabararta mai sauƙi ce, ta zaunar da mutum ta sa ya ƙirga sharuɗɗan a kan danginsa. Ta yi aiki kuwa, har ta wuce gona da iri. Wata 'yar majalisa ta gano ƙungiyar mata masu saƙa da take ɗaure wa gindi ta faɗa ciki, don suna aika wa jikokinsu huluna. Wani ya gano ƙungiyar magoya bayan ƙwallo ta unguwarsu ta faɗa. Shi kansa Ciyaman ya gano surukansa, da ke taron dangi duk wata suna aika wa wani ƙaninsu maganin basir, sun cika biyar ɗin cif. Kowa ya firgita. Amma kada ka ɗauka wani ya ce a mayar da layin da Ciyaman ya soke da hannunsa. Wa zai ce wa Ciyaman ya yi kuskure? Kowa cewa ya yi a ƙara togaciya, wato a rubuta a ƙasa, ban da su wane.

A zaman Talata aka yi ta zuba togaciya kamar ana rabon kujeru. Ban da masu saƙa. Ban da magoya bayan ƙwallo, in dai ƙungiyarsu tana rukuni na ɗaya ko na biyu. Ban da surukai. Wani ya tambaya ko wannan bai saɓa wa ƙa'idar da ta hana ɗan majalisa jefa ƙuri'a a kan abin da ya shafe shi ba, Ciyaman ya ce suruki ba kai ba ne, duk mai suruki ya sani. Kafin azahar togaciya ta kai ashirin da bakwai, sashen da ke rabin shafi ya zama shafi huɗu.

Jan Biro ta ga tunda kasuwa ta buɗe bari ita ma ta saya. Ta rubuta a guntuwar takarda: a ƙara masu kiwon tattabara. Ta miƙa gaba. Wannan karon, don tsautsayi, sai aka karanta.

Akwai wani ɗan kwamitin, tsohon soja, Janar ake ce masa, wanda tun safe bai ce uffan ba. Yana jin an ambaci tattabara ya miƙe tsaye a hankali, ya gyara rigarsa.

"Mai girma Ciyaman, shekara goma sha biyu ina jiran ranar da za a tayar da maganar nan. Tattabara ba ta fitowa a na'urar hango jirage. Ba ta tsayawa a shingen bincike. Ba ta karɓar cin hanci, don haka ba ka da hanyar sanin ta wuce. Ka kama ta ka tsare ta kwana arba'in, ba za ta ba ka sunan kowa ba."

Jan Biro ta rubuta wata takardar da sauri, a bar zancen, na janye. Ba wanda ya juyo.

Janar ya kawo shawara a yi wa kowace tattabara mai tsallaka iyaka fasfo. Aka goyi baya. Sai 'yar majalisar nan ta masu saƙa ta ce ita dai abin da ta sani, hoton fasfo sai kunne biyu sun fito, tattabara kuwa ba ta taɓa ganin kunnenta ba. Aka kwashe minti arba'in a kan wannan. Wani ya ce suna da shi a ɓoye yake, Janar ya ce to kun ji, me suke ɓoyewa? Daga ƙarshe aka ce a tambayi ƙwararren da baƙin nan suka haɗa kwamitin da shi, wanda ke bin zaman daga ƙasarsu ta akwatin talabijin da aka maƙala a bango. Aka juya gare shi. Ashe layin ya daɗe da tsinkewa, hoton mutumin ya daskare, baki buɗe, gira a sama.

"Kun gani," in ji Ciyaman. "Ko shi abin ya burge shi."

Aka amince da Jadawali na Uku: duk ƙungiyar da ta faɗa Sashe na Huɗu, in tana da tattabara fiye da biyar marasa fasfo, hukuncin shugabanta ninki biyu ne. Fasfon kuma sai mai shi ya je ofis da kansa ya dangwala yatsa. Aka juyo aka miƙa wa Jan Biro ta tsara shi da Hausar doka kafin Alhamis, ranar zaman ƙarshe. Da hannunta ta rubuta, da jan biron nata ta gyara waƙafi biyu, tana yi tana jin kamar ta ciji teburin.

Shi kuwa Baba bai zauna ba. Tun Lahadi ya zuba tattabarun a kwanduna ya kai wa wani mai kiwo a ƙarshen gari kyauta, ya dawo ya share ɗakinsu ya kulle. Litinin da hantsi sai ga su jere a kan katanga suna jiran hatsi. Talata ya ba direban nan ya kai su wani gari mai tafiyar awa biyar. Laraba da rana ya kira ta a waya.

"Uwata, sun dawo."

"Duka?"

"Har da wasu biyu da ba nawa ba. Kin ga ƙungiyar ta fara ɗaukar sababbin mambobi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sai ta ji ya ci gaba da magana a sanyaye. Ya ce ya kori baƙin biyu, nasa kuwa tunda ba su san an sallame su ba, saura hanya ɗaya. Ya yi magana da mahaucin bakin kasuwa, zai zo gobe Alhamis bayan la'asar. Nan take dariyar ta ɗauke.

Da ta tashi daga aiki ta wuce can. Ta tarar da tsofaffin a kan bokitansu, ba musu, ba tsokana. Mai Agogo ya cire agogon ya sa a aljihu. Gwiwa yana ta murza gwiwarsa yana kallon ƙasa. Baba na watsa hatsi, yana kiran kowace tattabara da sunanta, yana yi wa wata faɗa a kan ture 'yar'uwarta.

"Baba, don Allah ka bari," ta ce da ta ja shi gefe. "Wane ɗan sanda ne zai hau bene uku saboda tattabara?"

"In ba a kama ni ba, dokarki ba ta aiki ke nan. In kuma an kama ni, a ce uban mai dokar ne. Wanne kike so a ciki?"

Ta so ta ce masa dokar banza ce, amma ta ga kwafin da ta ba shi a aljihun gaban rigarsa, ya sa shi a leda don kada ya yi datti. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta sauko ba ta ko yi wa su Sajan sallama ba.

Ranar Alhamis aka karɓe wayoyin kowa a ƙofa, don zaman sirri ne. Aka fara a makare, saboda an jira shayi. Jan Biro ta zauna a kujerar robarta da guntayen takardu guda goma da ta yanka tun daga gida. Ta rubuta ta farko, a mayar da layi na shida, ta miƙa. Ciyaman ya goge bakin bironsa da ita. Ta biyu ya naɗe ta ya tokare ƙafar teburin da ke rawa. Ta uku ya mayar mata ba tare da ya juyo ba, a zatonsa ta ɗan majalisar da ke gefe ce ta faɗi. Agogon bango ya nuna uku saura kwata. Ciyaman ya ce tunda babu sauran gyara shi ke nan, ya ɗaga guduma.

Sai kawai ta ji ta a tsaye. Kujerar robar ta kife a bayanta.

"Mai girma Ciyaman, akwai gyara."

Kai goma sha ɗaya suka juyo. Darakta, da ke can kusa da ƙofa, ya rufe fuska da fayil. Ciyaman ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Wa ya ba kujerar baya baki?" Ya yafito mai sandar majalisa ya fitar da ita. Mai sandar tsoho ne, kuma sai ya zagayo dogon teburin, don haka ta samu kamar minti ɗaya. Shekara tara ke nan tana tara magana.

"Ku goma sha ɗaya ne, kun wuce biyar. Kuna da shugaba, ga shi da guduma. Kuna haɗuwa duk Talata da Alhamis a ɗakin da ake karɓe waya a ƙofa. Tunda na zo ban ji an kira wani da sunan katinsa ba, sai Ciyaman, sai Janar, sai Mai Girma. Kuma kullum bayan zama ana tura wa wancan bawan Allah na bango kwafin abin da kuka yi, can ƙasarsu, ban taɓa ganin takardar izini ba. Togaciya ashirin da bakwai kuka yi, na tsara su da hannuna. Babu ku a ciki."

Mai sanda ya iso ya tsaya a gefenta, amma bai taɓa ta ba, don shi ma ya ga Janar ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu. Janar ya kai na biyar, ya dubi hannun, ya dubi Ciyaman.

"Kai ne shugaban," ya ce masa a hankali. Ya ɗan ja kujerarsa gefe.

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce abu mai sauƙi, a ƙara togaciya ta ashirin da takwas, ban da wannan kwamiti. Sai 'yar majalisar masu saƙa ta tuna masa ƙa'idar nan, ɗan majalisa ba ya jefa ƙuri'a a kan abin da ya shafe shi, sai ya fita daga ɗaki. Surukai dai an ce ba kai ba ne, amma kai fa kai ne. In duk suka fita, wa zai jefa ƙuri'ar? Wani ya ce a fita bi da bi, kowa a toge shi shi kaɗai. Aka lissafa aka ga na ƙarshe ba zai samu mai goya masa baya ba, kuma kowa ya ƙi zama na ƙarshe. Aka juya wurin ƙwararren bango, yau ma a daskare yake, sai dai wannan karon idonsa a rufe.

Ciyaman ya daɗe yana juya takardun gabansa. Can ya ce, "Ni fa tun farko na lura sashen nan akwai abin da ya rasa. Ba a duba nufin mutum ba. Yaya za a kama mutum ba a duba nufinsa ba?" Ya karanto layi na shida daga ƙarƙashin zanen da ya yi masa da kansa, kalma bayan kalma, kamar yanzu ya zo masa. Hannu goma suka tashi tun bai rufe baki ba. Janar ya ce to fasfon tattabara fa? Aka ce a kafa ƙaramin kwamiti ya zagaya ƙasashe uku ya ga yadda suke yi, Janar ya shugabance shi. Ya amince nan take. Guduma ta sauka.

Ba wanda ya dubi Jan Biro. A bakin ƙofa Darakta ya miƙa mata takarda biyu, ɗaya kwafin sashen da hatimi a kai, ɗaya kuma wasiƙa da ya rubuta a tsaye a bayan fayil. An cire ta daga aikin kwamitoci har sai abin da hali ya yi, daga Litinin ta koma ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli da ke ƙasan ginin.

Ta karɓi wayarta ta kira Baba, a kashe. Daga baya ta ji ai ya kashe ta ne don ya katse hanyoyin sadarwar ƙungiya. Ta tari mota, cunkoso ya riƙe su, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. La'asar ta riga ta wuce lokacin da ta fara hawa benen. A hawa na biyu ta ci karo da mahauci zaune a kan matakala, ƙaton mutum, ga roba ga wuƙaƙe a gefensa, yana fifita da hularsa.

"Ka gama?" ta tambaya, numfashinta na sama.

"Na gama me? Hajiya, tun ɗazu nake nan. Ba a gaya mini babu lifta ba."

Ta tsallake shi ta wuce. A saman rufi ta tarar da tsofaffin a tsaye sun yi sahu, Baba a gaba da rigarsa ta fita, tattabarun a kulle a kwanduna. Ta miƙa masa takardar mai hatimi tana haki. Ya aika Sajan ya ɗauko rula. Ya karanta har zuwa layi na shida, ya sake karantawa, sannan ya juya ga jama'arsa.

"Akwai wanda ke da nufin firgita wani a cikinku?"

Gwiwa ya ce shi dai matarsa yake so ya firgita ko sau ɗaya kafin ya mutu, amma bai taɓa samun sa'a ba. Aka yanke cewa wannan bai shiga ba. Mai Agogo ya ciro agogonsa ya ɗaura. Aka buɗe kwanduna, aka leƙa ƙasa aka ce wa mahauci ya yi haƙuri ya sauka, ya ce sai ya ƙara hutawa.

Baba ya hango ɗaya takardar a hannunta ya karɓa. Wannan bai nemi rula ba. Ya gama ya ninke ta.

"Kin yi magana a zama, ba a ba ki izini ba?"

"Na yi, Baba."

Bai ce ta kyauta ba, bai ce ba ta kyauta ba. Ta ji ƙwalla na neman zubo mata a gaban tsofaffi, sai ta ce bari ta sauka ta wanke ƙafa. Ta shiga ɗakinsa ta ajiye jaka a bakin gado. Tana cikin neman tawul ta ji wani gurnani ƙasa ƙasa daga cikin kabad ɗin kaya. Ta buɗe. A ƙasan rigunan da ke rataye akwai kwali an huda shi da ƙusa ta ko'ina, a ciki ga murfin kwalba da ruwa, ga ɗan hatsi, ga wata tsohuwar tattabara mai ɗingishi da mijinta sun takure suna kallonta.

Da ta juyo, Baba na tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Ba ta taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta yau ba.

"Arba'in na ce wa mahaucin," ya ce. "Tun safe na sauko da su. Na ɗauko su zan sa a kwando, hannuna ya ƙi." Ya murza hular. "Na ce in ɗauri ne a ɗaure ni. Abin da ban sani ba shi ne da wane ido zan dube ki."

Jan Biro ta zauna a bakin gadon. Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta fita, ta bar su suka fito tare. Baba ya tsaya yana jira har ta lafa, sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalin.

"Kada ki gaya wa Sajan," ya ce. "Shi na sa ya rantse ba zai ɓoye ko ɗaya ba."

Ta miƙe ta karɓi kwalin daga hannunsa. Ta wuce gaba, ya biyo ta a baya yana ce mata ta bi a hankali, matakala ta huɗu a karye take.